Ɗaki Uku a Hawa na Biyar: Yadda Na Sayi Tsohon Gida a Toyama

Ranar da na buga wa Yayana waya a Kwatano na ce masa na ga gidan da zan saya a Japan, abin da ya fara tambayata shi ne, "Filin ƙafa nawa ne?" Na ce, "Yaya, babu fili, ɗaki uku ne da falo a hawa na biyar na wani bene." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "Wato sama za ka saya. To in ginin ya faɗi me ya rage maka, iska?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta kwana a raina, domin kuɗin da zan zuba shi ne wanda na yi shekaru ina tarawa da niyyar yin gini a Katsina.

Sana'ata kayan gyaran mota na hannu: inji, giyabos, ƙofofi, fitilu da makamantansu. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, Najeriya da Gana kuwa ba su yarda a shigo da irinsu ba, saboda haka mu farke motar muke yi mu loda sassanta a kwantena. Kayan su bi ta Busan ta Koriya ta Kudu su sauka Kwatano, Yaya ya karɓa, masu saye su zo daga Maraɗi da Kano da Yamai. Wannan harkar ce ta kawo ni Toyama, kuma 'yan Pakistan ne suka nuna mini hanya. Tun shekarun 1990 suke sayar wa Rashawa motocin gwanjo a gefen babbar hanya mai lamba 8, a garin Imizu da ke maƙwabtaka da Toyama. Suna da masallaci a can, akwai gidajen abinci na halal, shi ya sa musulmi baƙo yake samun wurin jingina.

Toyama tana gaɓar tekun da ke fuskantar Rasha da Koriya, mutanenta wajen 400,000. In gari ya yi haske ka dubi kudu maso gabas za ka ga duwatsun Tateyama, mafi tsayinsu mita 3,015, fari fat da ƙanƙara har tsakiyar bazara. Tun watan Maris na 2015 jirgin ƙasan nan mai gudu, Shinkansen, yake zuwa daga Tokyo cikin awa biyu da 'yan mintoci. A tsakiyar gari ba ka ganin tsofaffin gine-gine, domin a farkon Agustan 1945 jiragen yaƙin Amurka sun ƙone kusan garin gaba ɗaya cikin dare guda. Da sanyi akwai ƙananan famfuna a tsakiyar tituna masu fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa don narkar da ƙanƙara. Farkon ganina na ɗauka bututu ne ya fashe ko'ina a lokaci ɗaya.

Na daɗe ina haya a wani tsohon gidan katako, ban damu ba tunda ni kaɗai ne. Da Hajiya da 'yarmu suka zo, zaman ya canza. A watan Janairun 2021 ƙanƙara ta zuba a garin har ta haura mita 1, muka yi kwanaki a ɗaki ɗaya muna kewaye da na'urar ɗumama ɗaki mai kananzir, sanyi na shigowa ta kowace kafa. Ba a jima ba mai gidan ya aiko da takarda cewa zai rushe ginin. Nan na shiga neman wata hayar, na kuma ga abin da baƙi da yawa suka gani. Ka zaɓi gida, dillali ya ɗaga waya ya kira mai shi, ka ji ya ambaci cewa baƙo ne, sai ya ajiye wayar ya sunkuya yana ba ka haƙuri. Sau huɗu ana yi mini haka. Mutum ya haura shekara hamsin, yana biyan haraji, ba a binsa ko yen ɗaya, amma yana yawo ƙofa-ƙofa da iyali a bayansa. Hajiya ce ta ce, "Alhaji, in ana sayar wa baƙo, me zai hana mu saya mu huta?"

Ana sayarwa kuwa. Dokar Japan ba ta hana baƙo mallakar gida ko fili ba. Sai dai a riƙe wannan da kyau, don na ji ana yaudarar mutane da shi: sayen gida ba ya ba ka biza, ba ya ba ka izinin zama. Ni takarduna na zama ta hanyar kasuwancina na same su tun kafin nan. Bashin banki kuma da wuya a ba wanda ba shi da izinin zama na dindindin, ni ma dai ba na son abin da ya haɗa ni da kuɗin ruwa. Saboda haka abin da ke hannuna shi zai sayi gidan, ko a fasa.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne araha. Yawan mutanen Japan ya kai ƙololuwa a 2008, wajen miliyan 128, tun daga nan yake raguwa. Matasa suna kwarara Tokyo da Osaka, tsofaffi suna rasuwa suna barin gidaje. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki. Su kuma Japanawa sabon gini suke so, gida yana tsufa darajarsa na faɗuwa kamar ta mota. Irin benen da ake sayar da shi ɗaki-ɗaki, wanda aka yi da kankare da rodi, shi suke kira "manshon". A garuruwa irin Toyama za ka ga tsohon manshon da kuɗinsa bai kai na motar gwanjo mai kyau ba.

Na farko da na gani yen miliyan 1.8 aka sa masa. Ginin 1975 ne, an yi masa sabon fenti a ciki, tabarmin tatami sababbi har suna ƙamshi. Wallahi na kusa ba da kafin alƙalami a ranar. Wani abokina ɗan Pakistan, wanda ya riga ni saye, shi ya dakatar da ni. Ya ce, "Ɗan uwa, in za ka sayi inji kana kallon fentin motar ne? Ka ce su ba ka lissafin asusun gyara, da tsarin gyare-gyaren da za a yi nan gaba, da takardun taron masu gidan na shekara uku." Dillalin bai so ba, amma ya kawo. 'Yata ce ta zauna da ƙamus ta karanta mana su, don ita ta fi ni Japananci nesa ba kusa ba.

A nan na fahimci yadda abin yake. Wanda ya sayi ɗaki a manshon cikin ɗakin ne nasa shi kaɗai. Bango na waje, rufi, matakala, lif, tankin ruwa, manyan bututu, har baranda da tagogi, na kowa da kowa ne. Filin ma kana da kaso a ciki, a rubuce, amma ba za ka iya nuna shi da yatsa ba. Ranar da ka saya ka zama ɗan ƙungiyar masu ginin, ko kana so ko ba ka so. Kowane wata akwai kuɗi iri biyu: na kula da gini, wato shara da wutar matakala da duba lif, da kuma na asusun gyara, wanda ake tarawa saboda babban gyaran da akan yi bayan shekara 12 zuwa 15, a kafa sanduna a zagaye ginin a gyara bango da rufi. Kamar adashe ne, sai dai ba mai kwasa sai ginin.

To wancan gini adashensa ya mutu. Ɗakuna kusan kashi ɗaya cikin uku a rufe suke, masu su sun rasu ko sun koma gidan kula da tsofaffi. Asusun gyara ba zai iya canza lif ba, balle bututu. Mai ɗakin da zan saya kuma ana binsa kuɗin wata-wata na fiye da shekara biyu, kuma a dokar Japan ƙungiya tana da ikon bin sabon mai saye wannan bashin. Ga kuma maganar shekarar gini. Bayan girgizar ƙasar Miyagi ta 1978 an tsaurara ƙa'idar gini, sabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 1981. Abin dubawa shi ne ranar da aka ba da izinin fara ginin, ba ranar da aka gama shi ba, don haka ginin da aka kammala a 1982 ma zai iya zama na tsohuwar ƙa'ida. Wancan na 1975 ne, kuma ba a taɓa ƙarfafa shi ba. Hajiya ta ce, "Araha ba ta ado." Muka mayar da takardun muka yi godiya.

Daga baya na ji labarin garin Yuzawa a jihar Niigata, inda aka gina manyan benaye saboda masu wasan zamiya a kan ƙanƙara a ƙarshen shekarun 1980. An kai ana sayar da wasu ɗakunan a kan yen 100,000, saboda mai shi so yake kawai ya rabu da kuɗin wata-wata da haraji. Abin da ba ya kawo maka komai amma yana cin kuɗinka duk wata, ko kyauta aka ba ka ai kaya aka ɗora maka.

Akwai wani tarihi na Toyama da ya zauna mini a rai a wannan lokacin, don ya shafi irinmu. Fiye da shekara 300 garin ya shahara da fataken magani. Mutum zai goya kaya ya zaga ƙasar, ya bar akwatin magani a gidan mutane bai karɓi ko sisi ba. In ya dawo bayan wata shida ko shekara sai ya duba abin da aka sha, a biya shi wannan kaɗai, ya cike gurbin. Dukiyar irin wannan falke littafinsa ne, inda ya rubuta kowane gida da abin da suke sha da yadda suke biya. Littafin ake gada, shi ake saye da sayarwa. Duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi daga Kwatano zuwa Maraɗi ya san wannan magana. Sai na ce wa kaina, ni ma littafin ginin zan saya, ɗakin ya biyo baya.

Mun ga gidaje bakwai kafin mu dace. Wanda muka tsaya a kansa ginin 1989 ne, hawa bakwai, ɗakuna arba'in da 'yan kai, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tashar ƙaramin jirgin da ke zaga cikin gari. Wannan ma na sa shi a lissafi, domin hukumar garin ta daɗe tana jawo mutane su zauna kusa da layukan jirgi, kuma unguwar da jirgi ke bi ba ta saurin mutuwa. Cikin ɗakin bai kai na farko kyau ba, takardar bango ta yi ja, kicin ɗin tsohon yayi ne. Amma wurin ajiye kekuna a jere yake, akwatunan wasiƙa babu wanda ya cika ya tumbatsa, allon sanarwa kuma takardunsa na wannan watan ne. Littafin ya nuna an yi babban gyara sau biyu, asusu da kuɗi, masu bashi mutum ɗaya ne kuma na wata biyu. Yen miliyan 6.8 muka daidaita, a 2022.

Cinikin gida a can ba a yin sa da musafaha. Kafin ka sa hannu dole wani mai lasisi ya zaunar da kai ya karanta maka takardar muhimman bayanai: girman ɗakin, haƙƙinka a filin, kuɗin wata, bashin da ke kan ɗakin in akwai, har da taswirar ambaliya, wadda a Toyama take da muhimmanci saboda kogunan Jinzu da Joganji da suka sa garin a tsakiya. Namu ya ci kusan awa biyu. Sannan aka ba da kafin alƙalami, wanda akan sa kashi 5 zuwa 10 cikin 100. In kai ka fasa ka yi asararsa, in mai sayarwa ne ya fasa ya mayar maka ninki biyu. Ranar biyan sauran kuɗin aka haɗu a wani ɗaki a banki, da wani masanin rajistar kadara wanda ya duba takardu da hatimin kowa, ya tafi ofishin rajista ya mayar da sunan mai gida zuwa nawa.

La'adar dillali doka ta yi mata iyaka: kashi 3 cikin 100 da ƙarin yen 60,000, sai harajin ciniki a kai. Tawa ta kama yen 290,400. Daga Yulin 2024 an ba dillalai damar karɓar har yen 330,000 a kan gidan da bai wuce miliyan 8 ba, don haka mai saye yanzu ya san da wannan. Akwai kuɗin rajista, ladan masanin, inshorar gobara da ta girgizar ƙasa, sai harajin mallaka da takardarsa ke zuwa bayan 'yan watanni, lokacin da ka ɗauka an gama. Kowace shekara kuma akwai harajin kadara, kashi 1.4 cikin 100 na ƙimar da hukuma ta yi wa gidan, da wani ɗan ƙari na tsara gari. Wanda ba ya zaune a ƙasar dole ya naɗa wakilin da zai riƙa biya masa.

Zama a bene kuwa sai da muka koye shi. Shara kowace iri da ranarta da ledarta. Baranda hanyar tsira ce in gobara ta tashi, ba a cika ta da kaya, ni da na so in mayar da ita sito. Babu tsakar gida, babu wurin ɗaure rago, layyarmu a Katsina ake yi mana. Sati na biyu da tarewarmu muka tarar da takarda a akwatinmu, cikin ladabi, cewa wani maƙwabci yana jin bugu a saman kansa kullum da safe. Turmin Hajiya ne, ɗan ƙarami da ta taho da shi tun daga gida. Ta ji kunya ƙwarai. Muka sayi 'yar tsaraba muka sauka hawa na huɗu, wata tsohuwa ta buɗe, 'yata ta yi mana tafinta. Tsohuwar ta yi ta dariya da ta ji abin da ake dakawa. Yanzu turmin yana kan bargo ninki huɗu, ba ya aiki sai rana ta ɗaga, ita kuma tsohuwar duk kaka sai ta rataye mana ledar 'ya'yan itace a ƙofa.

Ranar 1 ga Janairu 2024, wajen ƙarfe 4:10 na yamma, muna zaune a falo wayoyinmu suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Kafin in miƙe ginin ya fara lilo. Kwanuka suka zubo, firji ya matsa daga wurinsa, Hajiya tana salati, ni ina riƙe da ƙafar tebur ina tuna maganar Yaya. Girgizar yankin Noto ce, ƙarfinta 7.6, Noto kuwa tana tsallaken ruwa daga Toyama. Talabijin ya ce igiyar teku na tafe, mutanen hawa na ƙasa suka hayo sama. Lif ya tsaya, ni da wani saurayi muka tallafo tsohuwar nan muka kawo ta ɗakinmu, ta kwana tare da su Hajiya. A Noto mutane da yawa sun rasa rayukansu. A jiharmu ma, a Himi da Fushiki da wasu sassan Imizu, ƙasa ta yi laushi kamar kunu, gidaje suka karkace. Namu ginin ya tsaya. Tayil ya zubo a bango ɗaya, bututun tanki ya tsage, cikin 'yan kwanaki aka gyara, daga asusun nan aka biya, ba a bi kowa ƙofa-ƙofa ba. Da asuba Yaya ya kira, muryarsa na rawa: "Kuna lafiya? Ginin fa?" Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, muna ciki."

A taron shekara da ya biyo baya shugaban ƙungiya, wani dattijo tsohon ma'aikacin kamfanin magani, ya ce kayan gini da ladan leburori sun tashi, ga bututun ginin sun haura shekara talatin. Ya nemi a ɗaga kuɗin asusu na ɗaki irin nawa daga yen 14,000 zuwa 19,000 a wata, ban da yen 9,000 na kula da gini da kuɗin wurin ajiye mota. Wasu 'yan fansho suka yi ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba. Ni na ɗaga hannu tare da masu amincewa, don na ga ginin da aka ƙi yin haka a cikinsa.

Ba zan ce wa kowa na yi ciniki mai riba ba. Da a Katsina na zuba kuɗin, da filin yanzu ya ninka. Wannan kuwa kullum ƙasa yake yi, kuma lokacin da zai zama gadon 'yata zai kai shekara sittin ko fiye, kuɗin watansa na bin ta. Rushe irin wannan gini a sake sabo sai mafi yawan masu shi sun yarda sun kuma zuba kuɗi, abin da ke da wuya a garin da mutane ke raguwa. Abin da na saya shi ne zama: ba mai aiko mini da takardar tashi, iyalina ba sa kwana da sanyi, kuma abin da nake biya a wata bai kai rabin hayar ɗaki irinsa ba.

Saboda haka ɗan uwa, in kana zuwa Japan sau biyu a shekara ka loda kwantena ka koma, ka ci gaba da sauka wurin abokai ko masauki, kuɗinka ya zauna a jari. In kuwa zama ya kama ka da iyali, ka duba ranar izinin ginin, ka nemi lissafin asusu da takardun taro, ka tambayi bashin da ke kan ɗakin, ka je ka ga wurin da dare ka ƙirga tagogin da ke da haske. Ka kuma tafi da wanda ya iya karatun Japananci wanda ba ya cin la'ada a cinikin.

Bana zagaye ya zo kaina na shiga kwamitin ginin, don bi da bi ake yi. Aikin da aka ba ni shi ne duba na'urorin kashe gobara da raba takardun sanarwa. Duk taro 'yata tana gefena tana raɗa mini abin da aka ce. Yaya kuma ya ce in Allah ya kai mu bazara zai zo ya ga saman da na saya, amma sai na tabbatar masa lif ɗin yana aiki, don gwiwarsa ba za ta hau hawa biyar ba.